Amsoshin Tambayoyinku: Hancina Ya Daina Jin Ƙamshi

Malama Hadiza daga Funtuwa ta ce mura ta sake ta, amma har yanzu ba ta jin ƙamshi ko wari. Shin zai dawo?

Malama Hadiza, Allah ya ƙara sauƙi. Ƙwayar cutar mura ko korona kan jawo kumburi can saman hanci, inda jijiyoyin jin ƙamshi suke. Yawanci jin ƙamshin yakan dawo cikin 'yan makonni, wasu kuma sai an yi watanni.

Ki riƙa horar da hancin: ki shinshina kanumfari, ɓawon lemun tsami, citta da turare, ɗaya bayan ɗaya, safe da yamma, har wata 3. Horar da hanci sai da haƙuri.

Ki kula da tukunyar gas da kwantan abinci, tunda hanci ba zai gargaɗe ki ba. In wata ya wuce babu sauyi, ki ga likitan hanci.