Magana da Ido: Yadda Na'ura Take Karɓar Umarni daga Kallo

Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa ido yana magana. Ko a Danchadi ko a birnin Sakkwato, uwa takan harari ɗanta a gaban baƙi, nan take ya janye hannunsa daga akushi. Irin wannan fahimta ce masana kimiyya suke ƙoƙarin koya wa tabaran duniyar kwaikwayo, wato na'urar da mutum yake ɗaurawa a fuska, ya ga kansa a cikin wata duniya da kwamfuta ta zana.

Yadda Take Aiki

A cikin tabaran akwai ƙananan fitilu masu fitar da hasken infirared, wanda idon ɗan'adam ba ya gani. Hasken yana sauka a kan ƙwayar ido, sai 'yan kyamarori su ɗauki ƙyallinsa, kwamfuta kuma ta lissafa inda mutum yake duba. Na'urar PlayStation VR2 ta 2023 da Apple Vision Pro ta 2024 duk da wannan dabara suke aiki.

Babbar Matsala

Ainihin aikin ido shi ne gani, kuma ba ya zama wuri ɗaya. Yakan yi tsalle wajen sau 3 a daƙiƙa, ya ƙifta kamar sau 15 zuwa 20 a minti. To, yaya na'ura za ta bambanta kallon banza da umarni? A 1990, masani ɗan Amurka Robert Jacob ya kwatanta matsalar da Midas, sarkin nan na tatsuniyar Girkawa, wanda duk abin da ya taɓa, har abincinsa, sai ya zama zinariya.

Hanyoyi uku aka fi bi. Ta farko, a tsura wa abu ido na ɗan lokaci. Ta biyu, a yi ishara da gangan, kamar doguwar ƙiftawa. Ta uku, wadda Apple ya zaɓa, ido ya nuna, sannan a haɗa babban yatsa da manuniya don tabbatarwa.

Kammalawa

Hanya ta uku ta fi sauri, amma ba ta da amfani ga wanda jikinsa ya shanye. Ɗan jaridar Faransa Jean-Dominique Bauby da ƙiftawar idon hagu kaɗai ya shifta littafinsa da ya fito a 1997. Saboda irinsa ne ya wajaba ɗalibanmu su zurfafa bincike a kan hanyoyi biyun farko.