Yadda Ake Shirya Ɗakin Majigi

Jama'a, darasinmu na yau a kan majigi ne. Kowa ya san majigi, amma ba kowa ya san yadda ake shirya masa wuri ba. Sau da yawa malamin gona ko malamin asibiti yakan ɗauko na'ura, ya sha hanya har Ikara, ko Makarfi, ko Hunkuyi ta ƙasar Kudan. Mutane su taru, a nuna, a watse. In ka tambayi na baya abin da ya gani, sai ya ce ƙeyar na gabansa. To, an yi asarar mai, an yi asarar dare.

Asalin majigi

Dā Turawa suna da wata fitila mai haska hoto a bango, suna kiranta fitilar sihiri. Kalmarsu ta sihiri ita Bahaushe ya juya ta zama majigi. A shekarar 1939 Gwamnatin Ingila ta kafa ma'aikatar shirya fim domin ƙasashen da take mulki. Motar majigi takan bi garuruwa, ta kafa allo a ƙofar fadar hakimi, wani mai bayani yana fassarawa da Hausa ta lasifika. Dattawa ba su manta da Baban Larai ba, wanda aka yi a shekarun 1950 domin koyar da noman auduga.

Yanzu na'urar ta ƙanƙance. Yaro ma ya iya ɗaukarta a jaka. Ana haɗa ta da kwamfuta ko wayar hannu, ta ci wuta daga janareta ko batirin sola. Amma idon mutum bai sake ba, kunnensa ma haka. Saboda haka ƙa'idar shirin wuri tana nan yadda take.

Don me za a damu?

A shekarar 2016 tsutsar nan ta tumatir wadda manoma ke kira sharon ta yi ɓarna ƙwarai a Jihar Kaduna, har gwamnati ta sa dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tsutsar 'yar mitsitsiya ce, cikin ganye take shiga ta yi hanya. A ce malamin gona ya zo nuna hotonta. Manomin da ya gani sosai zai gane ta a fadamarsa tun da wuri. Wanda bai gani ba sai ya ga gona ta ƙone.

Haka kuma a ajinmu. In an haska rubutu, na baya bai ga lanƙwasar harafi ba, sai ya karanta baki a wurin baƙi, ko kafa a wurin ƙafa. An ce gani ya kori ji, amma fa sai in an gani ɗin. Don haka ku riƙe wannan: saboda mutumin da ke can baya ake shirya ɗakin majigi. In ya gani, ya ji, to kowa ya samu.

Allo

Farin bango mai sumul ya isa allo. In babu, a sami farin ƙyalle, a ɗaure kusurwoyinsa huɗu tamau, kada ya yi tattara. A kafa allon a bangon da ba taga, inda hasken ƙofa ba ya faɗa masa. A ɗaga shi, gindinsa ya yi ƙafa 4 daga ƙasa, domin ya wuce kawunan mazauna.

Biyu da shida

Ga wani lissafi mai sauƙi wanda masu majigi suka daɗe suna aiki da shi. A auna faɗin hoton da ke kan allo. Sahun farko kada ya matso kusa fiye da faɗin nan sau 2. Sahun ƙarshe kada ya yi nisa fiye da faɗin nan sau 6.

Misali, faɗin hoto ƙafa 5 ne. Sahun farko sai ya zauna ƙafa 10 daga allo. Sahun ƙarshe kuwa iyakarsa ƙafa 30. In tsawon ɗakinku ƙafa 36 ne, raba shi gida 6, ka ga hoto mai faɗin ƙafa 6 kuke bukata. Wanda ba shi da abin awo ya auna da igiya. Ya yanke ta daidai faɗin hoto, ya riƙa ninkawa a ƙasa.

Na gefe ma a tuna da su. Wanda ya kauce can kusurwa zai ga mutane sun zama sirara kamar karan dawa. Mai nisan taki 10 daga allo kada ya kauce daga tsakiya fiye da taki 5 ko 6.

Wurin zama

Yara a gaba bisa tabarmi. Bayansu masu kujerun tsugunne, sa'an nan masu benci. Tsofaffi waɗanda ido ko kunne ya yi rauni a ba su wuri kusa. In taron na maza da mata ne, a raba ɗakin dama da hagu, kowane ɓangare ya sami gaba da baya. Kada a tura mata can ƙurya inda ba a ganin kome, alhali sau da yawa maganar rigakafi da renon yara tasu ce. Masu goyo su zauna kusa da ƙofa. A bar hanya a tsakiya mai faɗin ƙafa 3 ko 4.

Na'ura

A ɗora na'ura bisa tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, ta dubi tsakiyar allo sak. Haske miƙe yake tafiya, ba ya kewaye kan kowa, don haka kada a zaunar da mutum tsakaninta da allo. In ta ɗaga kai sama da yawa, hoto zai buɗe a sama ya tsuke a ƙasa kamar bokiti. Maganinsa a ƙara wa teburin tsawo.

In an ja na'ura baya hoto yakan ƙara girma, amma haskensa ya ragu. In an ninka nisan sau 2, faɗin hoto zai ninku sau 2, hasken kuwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Kada kwaɗayin babban hoto ya sa a sami dishi-dishi. A murɗa idon na'ura a hankali har rubutu ya fito raɗau.

Kada a toshe kafofin da take shan iska. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle in ba aiki take ba, saboda ƙura. In an gama, a jira fankarta ta tsaya kāna a zare waya.

Murya

A ajiye lasifika kusa da allo, a ɗaga ta sama da kawuna, ta fuskanci jama'a. In tana ƙasa, riguna da jikunan na gaba za su shanye muryar. Mai bayani ya tsaya gefen allo, kada ya shiga cikin hasken.

Duhu da iska

Majigi yana son duhu, mutane suna son iska. A rataya baƙin ƙyalle ko buhu a bakin taga, a bar tsakani yadda iska za ta ratsa. In taro ya fi ƙarfin ɗaki, a fita fili bayan sallar isha'i, a jingina allo da bango saboda iska. Daren da ba farin wata ya fi.

Janareta kuwa, faufau kada ya kwana ko ya yi aiki a cikin ɗaki ko zaure. Hayaƙinsa yana da wata guba wadda ba a gani, ba a jin warinta, tana kashe mutum yana zaune. A kai shi waje, ƙafa 20 ko fiye daga ƙofa da taga, inda iska za ta kwashe hayaƙin ta yi gaba. Kada a zuba masa mai yana aiki. Waya a bi da ita ta gindin bango, kada ta gitta hanya.

Ƙofa

Ran 13 ga watan Mayu, 1951, wuta ta kama gidan silima na El Duniya a Kano. Mutum 331 suka rasu. Fim ɗin wancan zamani mai saurin kama wuta ne. Na'urar yanzu ba ta da irinsa, amma fetur da wayar lantarki suna nan. Saboda haka kada a kulle ƙofa da mutane a ciki. Kada a tare ta da benci, ko keke, ko tulin takalma. Tun kafin a fara, a nuna wa kowa mafita. A sa mutum ɗaya a bakin ƙofa da tocila, a ajiye bokitin yashi kusa.

Gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran rana a haɗa kome, a kunna. Sa'an nan malami ya tafi can sahun ƙarshe ya zauna, ba a tsaye ba. Ya karanta ƙaramin rubutun da ke allo. Ya saurari muryar. In ya rarrabe ɗ da d, ya ji magana sarai, to wuri ya shiryu, sai a kira jama'a.

Tambayoyi

1. Faɗin hoto ƙafa 4 ne. Ina sahun farko zai zauna? Ina iyakar na ƙarshe?
2. Don me ba a sa janareta a zaure?
3. Me ya faru a Kano a 1951, wane darasi muka koya?

Aikin gobe: kowa ya zo da igiya, mu auna ɗakin ajinmu, mu ga faɗin allon da ya dace da shi.