Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nazari A Kan Shirya Tsohuwar Mota Mai Ɗaki Domin Doguwar Tafiya

Gabatarwa

Daga wajen 1970 zuwa ƙarshen shekarun 1980, mutanen Agadas da Damagaram da Kano sun saba ganin wasu Turawa matafiya suna shigowa gari a lokacin hunturu cikin tsofaffin motoci da ƙura ta yi wa buɗu-buɗu, jarkoki ɗaure a bisa rufi. Yawancinsu sun taso ne daga Jamus ko Faransa ko Ingila, suka ƙetare Bahar Rum a jirgin ruwa, sa'an nan suka ratsa Aljeriya ta Tamanrasat, suka faɗo ƙasar Nijar ta Asamaka da Arlit. Wasu daga cikin motocin nan gidaje ne sukutum, watau akwai gado da murhu da ma'ajin tufafi a cikinsu. Irin wannan mota ce za a kira mota mai ɗaki a cikin wannan maƙala, tun da Hausa ba ta riga ta tsayar mata da suna guda ba. Abin da za a duba shi ne yadda ake shirya ta in an saye ta ta-hannu, domin tafiyar watanni a ƙasa. An ɗauki bas ɗin Volkswagen da hanyar hamada a matsayin misali, saboda a nan ne kuskuren shiri yakan zama sanadin ajali.

Motar Kanta

An soma ƙera bas ɗin Volkswagen a Jamus cikin 1950, kuma tun farkon shekarun 1950 kamfanin Westfalia ya shiga mayar da shi ɗaki. Ƙirar da aka fi gani a hamada ita ce wadda aka yi a Jamus daga 1967 zuwa 1979, ko da yake a Barazil ba a daina yin irinta ba sai a 2013. Injinta a baya yake, mai silinda huɗu, kuma iska ce ke sanyaya shi. Ba ta da lagireto, balle ya huje ya zubar da ruwa a inda ruwa ya fi fetur tsada. Ƙafafun baya ne kaɗai ke jan ta, amma da yake nauyin injin a kansu yake, takan kama rairayi fiye da yadda ake zato. Sai a 1985 ne aka fitar da ƙirar Syncro mai jan ƙafa huɗu.

Mai sayen tsohuwar mota yakan fara da sauraron kukan inji. Ga wanda zai yi doguwar tafiya, wannan farawa ce ta bai-bai. Inji ana sauke shi a gyara, ko ma a sake wani, kuma injin Volkswagen na lokacin nan kanikawa biyu kan sauke shi cikin 'yan sa'o'i. Abin da ba ya sakuwa cikin sauƙi shi ne gangar jikin motar. A ƙasashen sanyi ana barbaɗa gishiri a kan tituna lokacin ƙanƙara, gishirin nan kuwa shi ne uban tsatsa. Saboda haka sai an kwanta ƙarƙashin mota da fitila da guduma, an ƙwanƙwasa ƙarafan da ke ɗauke da ita, da wuraren kafa jak, da mazaunin batir, da ƙarfen da ƙafafun gaba ke rataye a jikinsa. Ƙarfe mai lafiya yana amo, wanda tsatsa ta cinye kuwa sai ya yi luƙus ko ya zubo gari. Sabon baƙin fenti mai kauri a ƙarƙashin tsohuwar mota abin tuhuma ne, don sau da yawa rufin asiri ne aka yi wa ruɓa. Motar da ke tafiya lafiya a kan kwalta da ruɓaɓɓen ƙarfe tana iya tsagewa bayan kwana biyu a kan hanyar burji mai gargada, inda jijjiga ba ta yankewa tun safe har yamma.

Inji Da Abin Da Yake Bukata

Tun da iska ce ran injin nan, duk abin da zai tare ta abin tsoro ne. Fambel guda ɗaya ne ke juya fankar sanyaya inji tare da na'urar cajin batir. In ya tsinke, jar fitila za ta kama a gaban direba, kuma wanda ya ɗauka maganar caji ce kawai ya ci gaba da tafiya, zai ƙone injinsa cikin 'yan mintoci. Shi ya sa ake riƙe safaya aƙalla biyu. Akwai kuma faifayen ƙarfe da ke lulluɓe da injin, da wata roba da ta kewaye shi, aikinsu shi ne hana zazzafar iskar da ta fita komowa ciki. Tsofaffin motoci kan zo da robar nan a yage, ko wani bakanike ya cire faifai ɗaya ya manta bai mayar ba. A Turai motar za ta jure haka shekaru, amma a zafin hamada ba za ta jure ba. A ƙirar da ta gabaci 1971, na'urar sanyaya baƙin mai tana zaune ne a hanyar iskar da ke zuwa ga silinda ta uku, don haka ita ce ta fi 'yan'uwanta zafi, kuma bawul ɗinta ne ya fi yawan karyewa.

Injin mai girman 1600 ba shi da matacin baƙin mai na sosai, sai wata 'yar raga kawai, kuma lita biyu da rabi kacal yake ci. Wannan ne dalilin da ya sa ake juye shi duk bayan kilomita 5,000, a cikin ƙura ma kafin haka. A daidai lokacin ne ake gwada tazarar bawul, wadda ya kamata ta zama milimita 0.15 in injin ya yi sanyi. Matafiyi na gaskiya yakan koyi ayyukan nan biyu da hannunsa tun yana gida. Daɗin daɗawa, dole a sake dukkan robobin da ke kai fetur ga kafireto, ko da a ido sun yi kyau. Tsohuwar roba takan tsage ta ɗigar da fetur bisa zazzafan inji, kuma gobarar da ke tashi ta wannan hanya sananniyar cuta ce ga motocin nan. Man birki shi ma yana shan danshi daga iska, saboda haka akan sake shi duk shekara biyu. Shokazoba da boris na ƙafafu da kulocci, in ana shakkarsu, gara a sake su inda kayan gyara ke samuwa.

Game da taya, zanen da ke kanta ba shi ne ke nuna shekarunta ba. Tun daga shekarar 2000 ana buga lambobi huɗu a gefenta, biyun farko na mako, biyun ƙarshe na shekara, watau 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Motocin ɗaki sun fi kwana a ajiye fiye da tafiya, don haka tayarsu kan tsufa ba tare da ta suɗe ba.

Nauyi

A nan ne mafi yawan masu shiri ke tuntuɓe, kuma dalilin a fili yake. Mutumin da zai bar gidansa shekara guda yana so ya tafi da gidan. Sai ya sa kafinta ya yi masa kabad na katako mai kauri, ya ɗora firji da kujeru da littattafai da tukwane. Alhali kowace mota tana da iyakar nauyin da maƙeranta suka yarje mata, yana nan a rubuce a kan wani ɗan faifai a jikinta. Bas ɗin Volkswagen na ɗaukar kaya, wanda ba a saka masa kome ba, yana iya ɗaukar kusan tan guda. Da zarar an mai da shi ɗaki, katako da gado da rufi mai ɗagawa sun riga sun cinye wani babban kaso.

A ɗauki misalin mutum biyu a kan hanyar Tamanrasat zuwa Arlit, wadda ta haura kilomita 600, kuma a wancan zamani rairayi ne da tsakuwa, man In Gezam kuwa ba abin dogara ba ne. Tankin motar lita 60 yake ci. A kan kwalta takan sha wajen lita 12 a kowane kilomita 100, amma cikin rairayi da ƙaramar giya sai a ƙaddara lita 20. Ke nan ana bukatar lita 120, in an ƙara na ko-ta-kwana sai a ce jarka biyar masu cin lita 20 bayan abin da ke tanki. Jarkar ƙarfe cike da fetur ta kusa kilo 20. Ruwa kuwa lita ɗaya kilo ɗaya ce. In kowane mutum zai yi amfani da lita shida a rana, aka yi tanadin kwana huɗu na tafiya da wasu huɗu na tsautsayi, an sami lita 96. Kafin a saka abinci ko sifana ko safaya taya, mai da ruwa kaɗai sun kai kilo 200.

Inda aka ajiye nauyin ma yana da muhimmanci. Jarkokin da ake jerawa a bisa rufi suna da ban sha'awa a hoto, amma suna sa motar rangaji, suna kuma tsaga rufin. Abu mai nauyi ƙasa ya kamata ya zauna, tsakanin ƙafafun gaba da na baya, a ɗaure tamau. Madugan ayarin Azbin ba su jahilci wannan ba, don ba su ɗora wa raƙumi kaya sai sun daidaita ɓangarorin biyu. Motar da ta yi nauyi ita ce ke kafewa a rairayi, ita ce kuma ke karya sifirin. In ta kafe, magani shi ne a sace iskar taya don ta faɗaɗa, a haƙa da shebur, a shimfiɗa faifayen ƙarfe masu huji a gaban ƙafafun da ke ja. Wanda ya sace iska kuwa lalle ya kasance da famfon mayar da ita.

Ba tatsuniya ba ce. A 1955 wasu mutum huɗu da suka taso daga Kenya za su Ingila cikin ƙaramar mota ƙirar Morris sun maƙale a arewacin Agadas, biyu daga cikinsu ƙishirwa ta kashe su. A Janairun 1982, Mark Thatcher, ɗan Firayim Ministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓata kwana shida a hamadar Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu, bayan da motarsu ta lalace a tseren Faris zuwa Dakar. Shi an aika jiragen sama nemansa. Talakan matafiyi ba shi da wannan gata.

Ɗakin

Gyaran ɗakin shi ne ɓangaren da ya fi daɗi, shi ne kuma mafi sauƙi. Ƙa'ida ɗaya ce babba ta fuskar lantarki: kada fitilun ɗaki da firji su sha daga batirin da ke tayar da inji. Ana saka batir na biyu, da wata na'ura da ke haɗa su in inji na aiki, ta raba su in an kashe. A yanzu faifan hasken rana da batirin lithium sun sauƙaƙa wannan al'amari ƙwarai. Tukunyar gas kuwa a akwati na musamman ake sa ta, mai huji a ƙasa, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwantawa. Kunna murhu a rufaffiyar mota don jin ɗumi a daren hunturu yana haifar da wata iska mai guba marar wari, wadda kan kashe mai barci bai farka ba.

Sabuwar Mota Da Tsohuwa

Ana iya tambaya, me zai hana a nemi motar zamani? Tana da ƙarfi, tana da birki mai kyau, ba ta shan mai da yawa. Sai dai injin dizal na Turai na yanzu an ƙera shi ne don man da farar wutar da ke cikinsa ba ta wuce kashi 10 cikin miliyan ba, kuma yana da matacin hayaƙi a salansa wanda mai marar tsabta kan toshe. In kwamfutar motar ta ga matsala sai ta rage mata ƙarfi, bakaniken ƙauye kuwa ba shi da abin da zai tambaye ta da shi. Tsohon inji mai kafireto ya fi yawan ƙananan laulayi, amma laulayinsa irin wanda ake gani da ido ne. Ita kuma Volkswagen ta wancan zamani ta zama kayan tarihi mai tsada a yau, shi ya sa matafiya da yawa suka koma ga Toyota Hiace da Mercedes Sprinter, waɗanda kayan gyaransu ke samuwa a kasuwannin Afirka.

Takardu Da Gwaji

Ban da fasfo da biza da lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa da katin rigakafin shawara, mota tana da nata fasfo da ake kira Carnet de Passages. Mai ita yakan ajiye kuɗin jingina ga ƙungiyar masu motoci ta ƙasarsa, kwastan su buga hatimi a shiga da fita, in ya sayar da motar a hanya bai biya haraji ba a cire daga jinginar. A ƙasashen ECOWAS akwai katin inshora mai ruwan ƙasa, wanda aka amince da shi a 1982. Ita dai hanyar Tamanrasat zuwa Agadas ta rage ganin irin baƙin nan ƙwarai tun daga tawayen Abzinawa a Nijar a 1990 da yaƙin basasar Aljeriya da ya ɓarke a 1992, balle bayan da aka sace Turawa 32 a kudancin Aljeriya a 2003. Masu zuwa Afirka ta Yamma da mota sun koma bin gaɓar teku ta Maroko da Muritaniya.

Bayan an gama kome, sai a loda motar kamar yadda za ta tafi, jarkoki cike, mutane a ciki, a kai ta ma'aunin manyan motoci a gwada nauyin ƙafafun gaba dabam, na baya dabam. Sa'an nan a yi tafiyar mako guda ko biyu a kusa da gida, a kwana a ciki, a dafa a ciki, a nemi hanya marar kwalta a bi ta da gangan. A dawo a sake ɗaure duk notin da ya kwance, a kuma sauke duk kayan da ba a taɓa ba a tsawon gwajin, ban da kayan gyara da magunguna da na'urar kashe gobara.