Darasi: Tara Gudummawa Domin Gyaran Tsohon Gini

Wanda ya bi hanyar Daura daga Kano ya iso Ɗanbatta, garin Sarkin Ban Kano, ya ratsa ƙauyukan da ke kewaye da ita, zai ga kwano da bulo sun yi yawa. Amma har yanzu kusan kowane gari yana da tsohon ginin ƙasa wanda kowa ya san shi: zauren dagaci, ko masallacin da kakanni suka gina, ko tsohuwar majami'a, ko ajin farko na makaranta. Kowa yana cewa "namu ne." Amma idan aka tambaya wa zai yaɓe shi bana, sai a yi shiru. A wannan darasi za mu duba yadda jama'a za su tara abin gyara, da lokacin da ya kamata su tara shi.

Bari mu fara da abin da ya faru a Zariya. Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina masallacin Juma'a na birnin a shekarun 1830, kuma masana gini daga ƙasashe da yawa sun zo sun auna bakunansa suna mamaki. Ran Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashensa ya faɗo a kan mutane suna sallar la'asar. Mutane suka mutu, waɗansu da dama suka ji rauni. Sarkin Zazzau ya ce an lura da tsaga a bango kwana ɗaya kafin haka, ana shirin kawo masu gyara. Daga baya aka kafa gidauniya, masu hali suka ba da kuɗi masu yawa domin a sake gini. Wannan taimako abin godiya ne. Amma kuɗin ba su dawo da waɗanda suka rasu ba, ba su kuwa dawo da aikin hannun Babban Gwani ba.

Ganuwar Kano ma tana da abin da za ta koya mana. Sarki Gijimasu ne ya fara ta, tsakanin 1095 da 1134, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15. A dā, bayan damina, akan kira jama'a su fito su gyara inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare aka daina wannan aiki. Sai masu ɗibar ƙasa da masu neman fili suka shiga cinta. A wajen 2004 gwamnatin Jamus ta taimaka da kuɗi aka gyara wani sashe, a 2007 kuma aka sa sunan ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ta ke so UNESCO ta amince da su. Duk da haka yawancinta ya tafi. Baƙo yakan ba da kuɗi sau ɗaya ya koma gida, damina kuwa kowace shekara sai ta dawo.

Yanzu mu haye iyaka zuwa Nijar. A ƙasar Tawa akwai wani ƙauyen Hausawa mai suna Yama. A 1962 mutanen garin suka shirya gina masallacin Juma'a, suka ba wani magini ɗan garinsu, Falke Barmu, jagorancin aikin. Shi ma manomi ne kamarmu. Kowane gida ya kawo abin da ya ke iyawa: waɗansu suka yi tubali, waɗansu suka ɗebo ruwa, waɗansu suka kawo itace. Da ginin ya nemi gyara a 1975, su ne dai suka sake fitowa, har suka ƙara masa hasumiya huɗu. A 1986 ya sami kyautar Aga Khan, wadda a ke ba gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi. A Jenne ta ƙasar Mali kuma, babban masallacin da aka sake ginawa a 1907 yana tsaye domin kowace shekara dukan gari sukan fito su yaɓe shi. Mata suna kawo ruwa, samari suna gudu da kwandunan laka, unguwa tana gasa da unguwa, ana kiɗa. Wannan ba wani abu ba ne illa gayya, wadda mu ma mun gada.

Me ya sa gyaran shekara shekara ya fi? Dalilin yana cikin halin ginin ƙasa. Abokan gābansa uku ne: ruwa daga sama, ruwa daga ƙasa, da gara. Indararo ɗaya ya toshe da ganye, ruwa ya kwanta a kan soro, ya jiƙa ƙasa, ya kai ga azara. Azara ta giginya ce, gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan bakinta da ke cikin bango ya daɗe a jiƙe sai ya ruɓe, ba wanda ya gani. A gindin bango kuma, ruwan da ke zuba daga indararo yana fantsama yana cin ƙasa kaɗan kaɗan, har bango ya zama kamar itacen da aka sassare gindinsa. Duk wannan, idan an kama shi da wuri, aikin kwana biyu ne da jakai kaɗan na ƙasa.

Kakanninmu suna da magani. Suna jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba su shafe bango. Domin rufin soro kuma suna haɗa laso da katsi na marina, da gashin jima, da dafara. Marina ta ragu yanzu, masu sanin haɗin ma sun tsufa, saboda haka idan akwai irin wannan dattijo a garinku, ku sa samari biyu su bi shi. Ina kuma roƙonku ku yi hankali da mai cewa, "A shafe shi da siminti a huta." Siminti ba ya kama ƙasa sosai. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya kasa fita, bango ya narke a ɓoye, fuskarsa kuwa sumul. Wanda ya ba da buhun siminti da kyakkyawar zuciya yana iya zama shi ne ya kashe ginin.

To, yaya za a tara abin gyara? Abu na fari, kada a fara da neman kuɗi. A fara da kiran magini ya zagaya ginin tare da dattawa, bayan ruwa ya ɗauke, ya faɗi abin da ya lalace da abin da za a bukata: azara nawa, ƙasa jaki nawa, kwana nawa. Mutum ya fi sakin hannu idan an ce masa "azara 12 mu ke nema," da a ce masa "kawo taimako."

Sa'an nan a duba lokaci. Manomi ba shi da kuɗi a watan Agusta, amma da kaka yana da hatsi. A ce gari yana da gida 150, kowane gida ya ba da kwano 2 na gero ko dawa, an sami kwano 300 ke nan. A adana shi da kyau, a sayar da rabi sa'anda hatsi ya yi tsada, rabi kuma ya zama abincin masu gayya. Wanda ba shi da hatsi ya ba da kwana ɗaya na aiki, ko aron jakinsa ko amalankensa. Gwauruwa da ta kawo tulun ruwa 4 ta biya nata, a kuma rubuta sunanta kamar na kowa. 'Yan ci-rani da 'ya'yan gari da ke aiki a Kano ko Legas ko Abuja, a aika masu da lissafin magini tun da wuri, gama su ne za su iya biyan abin da sai da kuɗi a ke samunsa.

Taron ƙaddamar da gidauniya yana da amfani, ban hana ba. Amma mun sha ganin yadda ya kan ƙare. A yi hayar rumfa da kujeru da lasifika, a dafa wa manyan baƙi abinci, wani ya tashi ya yi alkawarin kuɗi mai yawa, a yi tafi, a watse. Bayan wata 6 ba a ga ko kwabo ba, kuɗin rumfa kuwa an riga an biya. Idan za ku yi taro, ku yi shi a gindin ginin, kowa ya ga tsagar da idonsa. Ku rubuta abin da ya shigo hannu dabam, alkawari dabam, kada ku yi shirin aiki a kan alkawari.

Maganar riƙon amana ita ce ta fi kashe irin wannan aiki. Kada mutum ɗaya ya zama shi ne mai karɓa, shi ne mai ajiya, shi ne mai saye. A zaɓi ma'aji dabam, magatakarda dabam, a sa mace aƙalla ɗaya a cikin kwamiti, tun da mata ne ke ɗauke da rabin wahalar. Bayan aiki a karanta lissafi a bainar jama'a a ƙofar mai gari, har kuɗin goro. Garin da aka ci kuɗinsa sau ɗaya yakan yi shekaru kafin ya sake yarda. Abin da ya ragu kuma kada a raba, shi ne jarin yaɓen baɗi.

Idan ginin yana cikin waɗanda gwamnati ta ɗauka na tarihi ne, sai a nemi izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, wadda aka kafa a 1979, kafin a taɓa shi. Jami'anta suna Gidan Makama a Kano. Idan kuwa kun ga tsagar da ta ke ƙara buɗewa, ko rufi ya fara lotsawa, ku hana mutane shiga tun ranar, ko da za a ji haushinku.

Kafin taronku na gaba, mutum uku su je su duba tsohon ginin garinku. Su hau soro su leƙa kowane indararo, su ƙwanƙwasa bakin azara, su duba gindin bango ta gabas inda ruwa ya fi duka. Su tambayi tsofaffi wa ya gina shi, da shekarar da aka yi masa yaɓe na ƙarshe, su kawo amsa a rubuce.