Lambar 25 a Kantunan Birtaniya: Jagora ga Sababbin Zuwa, Musamman Mata

Wanda ya sauka Birtaniya, ko karatu ya kawo shi, ko aure, ko aikin jinya, ba zai yi mako guda ba sai ya ga wata takarda manne a wurin biyan kuɗi, da lamba 25 ɓaro-ɓaro a tsakiyarta. Tesco, Asda, Sainsbury's, Aldi, har ƙananan shagunan unguwa, kowa na da tasa. Yawancinmu kallo ɗaya muke mata mu kau da kai, don mun ji an ce maganar giya ce, mu kuwa ba ruwanmu da giya. To, da sauran magana. Takardar nan za ta tare ki ranar da kika je sayen wuƙar yanka albasa. Za ta tare ka ranar da ka samu aiki aka tsayar da kai a kanta. Gara a san ta tun kafin a haɗu da ita a gaban layin mutane.

Sunan tsarin Challenge 25. Shekarun da doka ta yanke don sayen giya 18 ne. Amma an umurci mai karɓar kuɗi cewa duk wanda a idonsa bai kai 25 ba, ya nemi ya nuna shaidar cewa ya kai 18. Ratar shekara bakwai ɗin nan da gangan aka bar ta, saboda an san ido na kuskure. Da farko 21 ake amfani da ita, sai manyan kantuna suka ɗaga zuwa 25 a 2009. A Ingila da Wales, tun Oktoban 2010 wajibi ne duk mai lasin sayar da giya ya kasance yana da tsarin tantance shekaru. A Sikotilan kuwa, tun Oktoban 2011 ita lambar 25 ɗin kanta ta shiga doka.

Giya ce ta haifi tsarin, amma bai tsaya a kanta ba. Taba sigari da sigarin lantarki da tikitin caca da kayan wasan wuta duk sai ɗan 18. Wuƙa ma haka a Ingila da Wales, har ta kicin. Fentin fesawa sai ɗan 16. Tun 2018 manyan kantuna suka daina sayar wa 'yan ƙasa da 16 lemon ƙara kuzari irin su Red Bull. Kantuna da yawa kan nemi tabbacin shekaru kafin su ba da farasitamol, kuma ba sa bari a ɗauki fiye da kwali biyu. In a na'urar biya-da-kanka kike, da zarar kin goga kayan sai allon ya tsaya, fitilar da ke sama ta kama ƙyaftawa, ki tsaya da kwandonki har ma'aikaci ya zo ya dubi fuskarki ya danna lambarsa. Ko ta Amazon aka sayi wuƙa, mai kawo saƙon zai iya neman kati a bakin ƙofa, wadda ke gida a lokacin kuwa ita za ta amsa.

A nan ne ƙorafin mata ke tasowa. Za ki ji mai shekara talatin da 'ya'ya uku tana cewa an hana ta almakashi ko wuƙa, alhali ƙanin mijinta ɗan ashirin da biyu ya wuce da irin kayan ba wanda ya ce masa uffan. Shin tsarin na tauye mata?

A rubuce dai dokar ba ta san mace ba, ba ta san namiji ba. Sai dai an ɗora ta a kan kintace, kintace kuwa ba ya faɗa wa kowa daidai. Namiji gemu na yi masa shaida, sanƙo ma haka, murya ma haka. Mace ba ta da waɗannan.

Amma kafin a yanke hukunci, a ji abin da ke faruwa lokacin da babu tsarin. A 2000, Paul Willner na jami'ar Swansea da abokan aikinsa suka wallafa wani bincike da suka yi, inda suka tura yara 'yan shekara 13 da 16 su gwada sayen giya. 'Yan mata masu 16 an sayar musu a kashi 88 cikin ɗari na gwajin, samari kuma kashi 77. A 'yan 13 ne abin ya fi ɗaga hankali: 'yan mata kusan kashi 42, yara maza kashi 4 kacal. Yarinya kan riga yaro girman jiki, in ta ƙara da kwalliya sai mai shago ya ɗauke ta babba ya miƙa mata kwalba. Ashe zaluncin farko da ido ya yi wa mata shi ne ƙara wa ƙananansu shekaru, aka bar su ba kariya. Ɗaga ma'auni zuwa 25 ya toshe wannan kafa, amma sai ya haɗa da manyan mata masu ƙuruciyar fuska. Ni a ganina tsayuwar minti biyu da babbar mace za ta yi ba ta kai a sayar wa 'yar shekara 13 giya ba, don haka ina goyon bayan tsarin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce nauyinsa ɗaya ne a kan kowa. Ba ɗaya ba ne, kuma matanmu na cikin waɗanda ya fi danna.

Fuskarmu baƙuwa ce ga mafi yawan masu tsayawa a kanta. Wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2001 ya nuna Turawa sun fi iya kintatar shekarun fuskar Bature a kan ta ɗan Afirka. Ki ƙara da hijabi, wanda ya rufe gashi da wuya, wuraren da ido ya saba laluben shekaru. Na'ura ma ba ta kuɓuta ba. A 2022 an gwada kyamarar kintatar shekaru a wasu kantunan Birtaniya, sannan a 2024 hukumar gwaje-gwaje ta Amurka, NIST, ta auna ire-iren waɗannan manhajoji ta tarar kuskurensu ya fi yawa a fuskar mata fiye da ta maza.

Akwai kuma uwa da 'ya'yanta. Laifi ne a doka babba ya sayo wa yaro giya ko taba, kuma ma'aikatan kanti sun ɗauki wannan tsoron sun shimfiɗa shi a kan sauran kayan. In kika zo biyan kuɗi da saurayin ɗanki ɗan 15, shi ne ya ɗauko wuƙar ya ajiye, ko shi ne ya miƙa katin banki, mai kanta na iya ƙin sayarwa ko da ke kin nuna fasfo. Wa ya fi zuwa cefane da yara? Uwa. Ranar da za ki sayi irin waɗannan kaya, ki riƙe su da hannunki, ki biya da kanki.

Mai sa niƙabi ta sani cewa dole mai kanta ya haɗa fuska da hoton da ke jikin kati, in ba haka ba bai tantance komai ba. Ki nemi a kira ma'aikaciya mace, ku koma gefe ki ɗaga mata. A manyan kantuna wannan ba ya wuya, amma a ƙaramin shagon da mutum ɗaya ke tsaro ba lallai a samu ba. Hijabi kuwa babu dalilin cire shi, tunda ita kanta hukumar fasfon Birtaniya ta yarda da hoto da lulluɓin addini muddin fuska a buɗe take.

Babban abin da ya fi damuna ba a kanti yake ba, a gidajenmu yake. Shaidar da kantuna ke karɓa ita ce fasfo, ko lasin tuƙi mai hoto, ko kati mai tambarin PASS, wani tambari mai ƙyalli da ke sauya launi in an karkata shi. Hoton fasfo a waya ba ya wucewa. Katin ɗalibi marar tambarin PASS ba ya wucewa. Lasin tuƙi ko katin ɗan ƙasa na Najeriya ko Nijar da wuya a karɓa, don ma'aikacin bai san yadda na gaskiya yake ba. Katin izinin zama na BRP da aka saba sa wa a jaka ya ƙare aiki ranar 31 ga Disamba 2024, an mayar da shaidar zama intanet. To wa ya rage da kati a aljihu? Maigida, wanda ya riga kowa neman lasin tuƙi. Ita kuwa uwargida fasfonta na can cikin jakar takardu a saman wadirob, ko a ƙasan akwatin maigida tare da na yara, wani lokaci ba ta ma san inda yake ba. Magidanta, ku ji wannan da kyau: ajiyar da kuke yi don kada ya ɓata, ita ke sa matanku jin kunya a gaban jama'a, ita ke mayar da su gida hannu wofi. Fasfon mace nata ne. Ta san inda yake, hannunta ya kai gare shi ba sai ta jira an dawo daga aiki ba.

Yawo da fasfo kullum ma ba dabara ba ne, don in ya ɓata sabunta shi daga nan wahala ce ta watanni. Abin yi shi ne a cikin makonnin farko kowane babba a gida ya nemi ƙaramin katinsa. CitizenCard na ɗaya daga cikin masu ba da katin PASS, kuma ana nema ta intanet ko ta gidan waya. Wadda izinin zamanta ya kai kwana 185 za ta iya neman lasin koyon tuƙi daga hukumar DVLA ko da ba ta da niyyar taɓa sitiyari a bana, kantuna na karɓar sa.

In an tambaye ki kati ba ki da shi, kada ki tsaya musu, kada ki nuna zoben aure ko yaran da ke bayanki. A yawancin kantuna, da zarar ma'aikaci ya furta tambayar, ko manaja ba ya warware ta. Ki ajiye wannan kayan, ki biya sauran. Tambayar ita kaɗai ba wariya ba ce: dokar daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Wales da Sikotilan, ta ware tantance shekaru a matsayin abin da aka yarda da shi. Amma dokar ba ta yarda a bambanta mutum saboda jinsi ko launin fata ko addini ba. In kin nuna kati ingantacce aka ƙi ba dalili, ko aka ce ki cire hijabi, ko aka haɗa da baƙar magana a kan shigarki, wannan wani abu ne daban. Ki riƙe rasit, ki rubuta rana da lokaci da abin da aka faɗa tun ba ki manta ba, ki kai ƙara a rubuce ga hedikwatar kantin. Ƙungiyar Citizens Advice na ba da shawara kyauta. Wa'adin kai irin wannan magana kotu wata shida ne, don haka ba a jan ƙafa.

Saura wanda zai tsaya a bayan kanta. Ɗalibanmu da yawa nan suke cike awa 20 da biza ta ba su a mako, wasu kuma suna kai saƙon abinci a keke. Ka sani laifin sayar wa yaro a kanka yake faɗawa, kai mai miƙa kayan. A Ingila, in giya ce, ana iya yanka maka tarar fam 90 nan take, ko a kai ka kotu, takardar sabunta biza kuwa tana tambayar irin wannan. Shagon da aka kama sau biyu cikin wata uku na iya rasa izinin sayar da giya na wani lokaci. 'Yan sanda da jami'an kula da ciniki na ƙaramar hukuma kan turo yara su gwada ka, kantin ma kan turo nasa matasan a ɓoye.

Tarbiyyarmu za ta yi maka nauyi a nan. An koya mana cewa tambayar mace shekarunta rashin ta-ido ne, tsayar da magidanci kuma rashin kunya. Sai ka ga ɗan'uwa ya bar ƙaton saurayi mai gemu ya wuce don gudun rigima, ya tsare ƙaramar mace don ya san ba za ta ɗaga murya ba. Wannan shi ne ainihin rashin adalcin da mata ke kuka da shi, kuma a hannunka yake. Ma'auni ɗaya za ka riƙe: wanda ka yi shakka, ka tambaya, mace ko namiji. Ka karɓi katin a hannunka, ka dubi hoto, ka dubi ranar haihuwa, ka mayar da godiya. Kada ka karanta shekarunta a bayyane, kada ka ce ta yi kama da yarinya ko da yabo kake nufi. In ka ƙi sayarwa, ka shigar a littafin da kanti ya tanada, shi zai tsaya maka ranar bincike.

Maganar ko ya halatta Musulmi ya miƙa giya a kanta, wannan tsakaninka ne da malaminka, kuma ka yi ta kafin ka karɓi aikin. Doka ba ta ba ma'aikaci cikakken ikon ƙin wani sashe na aikinsa ba. A Disamban 2013 an yi ce-ce-ku-ce a jaridu bayan wata ma'aikaciya Musulma a Marks & Spencer ta nemi mai sayen giya ya jira wani ya karɓi kuɗinsa. Kamfanin ya ba da haƙuri, ya ce tsarinsa shi ne ya sa irin waɗannan ma'aikata a sashen da ya dace da su, kamar tufafi ko gashin burodi. Irin wannan sauyin wuri ana samu a manyan kantuna, amma ranar ganawar ɗaukar aiki ake neman sa. Ka faɗa wa manaja a fili, ka tambayi ko akwai gurbi a ɗakin ajiya ko jera kaya ko sashen tufafi, in ya amince ka roƙi ya aiko maka da amincewar a rubuce.