Amsoshin Tambayoyinku: Me ya haɗa sanƙarau da sukarin ƙwaƙwalwa?

Wani mai sauraronmu daga Madawa, jihar Tawa, ya tambaya: me ya sa allurar sanƙarau guda ba ta kare mutum daga dukkan nau'o'insa?

To malam, ƙwayar cutar tana sanye da riga ta wani irin sukari, ba na shayi ba, kuma kowane nau'i da irin rigarsa. Allurar MenAfriVac da aka fara yi a Nijar a 2010 rigar nau'in A kawai ta koya wa jiki ganewa. Nau'in A ya lafa, sai nau'in C ya ɓarke a 2015.

Nau'in B ne ya fi wahalar da masana. A 1983 masu bincike a Finland suka gano rigarsa iri ɗaya ce da sarƙar sukarin da jiki ke liƙa wa wani furotin mai suna NCAM, wadda ke taimaka wa ƙwayoyin jijiya tafiya da haɗuwa yayin da ƙwaƙwalwar jariri ke ginuwa. Jiki yana ɗaukar rigar tasa ce, ba ya yaƙarta sosai. Don haka dole aka haɗa allurar B daga furotin ɗin ƙwayar cutar, ba daga rigarta ba.

Jama'ar Madawa, Buza da Keita, idan an ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya lokacin bazara, a garzaya asibiti ko da an yi allura.