Lasisin Littattafan Jagora da 'Yan Sa-kai Ke Rubutawa

Babbar matsalar da ke tasowa wajen wallafa littattafan jagora na manhajojin ofis masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda kowa ke da izinin duba rubutun da aka gina su da shi ya kuma gyara, ita ce ta haƙƙin mallaka. A doka, duk ɗan sa-kan da ya rubuta babi shi ke da haƙƙinsa, saboda haka idan aka haɗa babobin mutane da yawa ba tare da an tsai da lasisi tun farko ba, mai son sake bugawa ko fassarawa sai ya bi marubutan ɗaya bayan ɗaya yana neman izini, alhali wasunsu sun daɗe da barin aikin.

Masu rubuta jagororin LibreOffice, manhajar da gidauniyar The Document Foundation ke kula da ita tun 2010, sun kauce wa wannan ta hanyar sakin littattafansu ƙarƙashin lasisi biyu, mai amfani ya zaɓi wanda ya dace da shi. Na farko shi ne Creative Commons Attribution 4.0, wanda ya halatta kwafa da gyara da fassara har da sayarwa, muddin an ambaci marubutan. Na biyu kuwa shi ne GNU GPL bugu na 3, wanda ya wajabta wa mai gyara, idan zai rarraba aikinsa, ya sake shi bisa sharuɗɗan da ya same shi.

Abin da ya kamata ƙungiyar marubuta ta yi shi ne ta karɓi amincewar kowane marubuci a rubuce kafin babinsa ya shiga littafin, sannan ta buga lasisin da sunayen duk waɗanda suka sa hannu, har da na bugun baya, a shafin farko. Bai dace a saka sharaɗin hana kasuwanci ba, ko da kuwa niyyar kirki ce ta jawo shi, domin yana ɗaure hannun mai ɗab'i da ke son buga littafin ya sayar da araha ga waɗanda ba su da intanet. Ya zama dole kuma a ajiye fayil ɗin ODT da ake iya gyarawa tare da na PDF, a rubuta lambar manhajar, kamar 24.8, a bango, tunda LibreOffice na fitar da sabon zubi sau biyu a shekara. Sunan manhajar da tambarinta kuwa lasisin rubutu bai shafe su ba, sai an bi ƙa'idojin gidauniyar kafin a ɗora su a kan littafin sayarwa.